Rabin Dutsen Ƙasan Teku

Litinin, 5 ga Agusta, da hantsi

Jikana Kamalu ne ya saya mini wannan littafin, wai in riƙa rubuta tatsuniyoyina kafin in tafi da su kabari. Ni ina ce masa Mai Gida, shi yana ce mini Amarya, don ya san haƙorana shida suka rage. Wata biyar littafin yana cikin kwalla ban buɗe shi ba. Rubutun nawa ma na yaƙi da jahilci ne, duk wanda ya ga kuskure ya haɗiye.

An kai Adda asibiti yau da sassafe.

Adda ta rugar hanyar Ba'awa nake nufi. Shekara hamsin da ɗoriya tana sauke ƙwaryar nononta a zaurenmu kafin ta shiga kasuwar Dangora. Uwata Babarbariya ce, ita kuwa Bafulatana, don haka tsakaninmu babu gaisuwa sai tsiya. Ita ta ce ni baiwarta ce, ni in ce da ƙullin kanwa aka sayi kakanta.

Ɗanta Hamidu ne ya biyo a kan babur, ko kashe shi bai yi ba. Ya ce, "Iya Tasalla, Inna ce. Tun jiya take amai." Na ce, "Kwaɗayi ne, ta ci na mutane." Bai yi dariya ba. Ya ce aman kore ne shar, kuma farin idonta ya fara juyawa.

Da ya tafi na zauna a bakin rijiya. Hussaina matar ɗana ta ce, "Iya, lafiya?" Na ce jiri ne.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Duk Dangora an san ni da wasa. Ko jariri ya sani.

Talata, 6 ga Agusta, bayan azahar

Na je na gan ta. Innalillahi. Matar da ke tafiyar mil biyar da ƙwarya uku a ka, ga ta nan an sa mata ƙarin ruwa, ta koma kamar tsumman da aka matse. Idanun sun yi rawaya kamar an ɗiga musu man shanu.

Ta buɗe ido ta ce, "Wa ya bar baiwata ta zauna a kujera?" Na ce, "Ki tashi ki hana ni mana." 

Likitan yaro ne, bai fi Kamalu ba, mai ladabi. Ya tara mu a bakin ƙofa ya ce, "Iyaye, ku taimake ni. Wannan ya yi kama da wanda ya sha wani abu. Jiƙo, gari, maganin kasuwa, ko mene ne, ku kawo mini shi in gani. Idan ban san me nake yaƙa ba, lalube nake yi a duhu."

Hamidu ya ce ta kan sha jiƙe-jiƙe saboda gwiwa, amma bai san irinsu ba. Ita kuma ta juya fuska bango. Ni na gyara ɗaurin ɗankwalina.

Yaron nan Hamidu ya cika kallon mutane.

Laraba, 7 ga Agusta, da hantsi

Bari in rubuta wani abu daban, ko zuciyata ta huta.

Kamalu karatun duwatsu ya yi. Da aka faɗa mini na ce to, an yi asarar kuɗin makaranta, ga duwatsu nan kyauta a Riruwai, inda kakansa ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin kuza. Sai ga shi karatun ya kai shi ƙasar waje, yanzu kuma yana cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku tare da masu bincike.

Da ya zo azumin bana ya zauna a tabarmata ya ba ni labari. Ya ce a can ƙasan tekun Atlantika akwai jerin tsaunuka da suka fi nisan nan zuwa Makka, ruwa ya rufe su, rana ba ta taɓa ganinsu ba. A tsakiyarsu ƙasa tana tsagewa, gefe da gefe suna rabuwa a hankali, kamar yadda farce ke tsiro. Na ce, "To wa ke ɗinke ta?" Ya ce narkakken dutse ne ke tasowa daga ciki ya cike gurbin. Ruwan teku kuma yana tsiyaya ta tsagar, ya tarar da zafi a ƙasa, ya dawo sama da zafin da ya ninka na tafasasshen ruwa sau uku da wani abu, amma nauyin tekun ya hana shi tafasa. Yana fitowa baƙi ƙirin kamar hayaƙin taya, ɗauke da narkakkun ƙarafa, da ya haɗu da sanyi sai su daskare su yi ta taruwa, su gina wani abu kamar suri, wani ya fi bene tsawo.

Na ce, "Mai Gida, ƙarya fa gadona ce, ba a yi rabo ba tukuna."

Sai ya nuna mini a wayarsa. Na gani da idona. Har da wasu ƙananan halittu farare suna cincirindo a jikin surin kamar kiyashi a kan ƙashi. Na'ura suke zurawa da igiya, mai fitila da hannun ƙarfe, ita ke ɓantaro musu.

Ya ciro wani ƙunshi daga jaka ya ce, "Ga sadakinki, Amarya. Ragowar da aka gama aunawa ce, aka bar mini." Dutse ne kamar dunƙulen hannu, baƙi, mai nauyi, cikinsa yana ƙyalli kamar zinariya. In ka shinshina, warin farar wuta yake. Ya ce in ajiye a saman kabad don ado. Ya ce in wanke hannu in na taɓa shi.

Ya faɗa. Ba zan ɗora masa ba, ya faɗa.

Alhamis, 8 ga Agusta, da la'asar

Matar Hamidu tana asibiti wurin jinya, sai na ce bari in je rugar in ɗebo wa Adda zannuwa. Ba wanda ya aike ni.

A bayan bukkarta akwai ɗan dutsen niƙan da take gurza kanwa. Na durƙusa. Baƙin gari ya maƙale a ramukansa, rana tana dukansa yana ƙyalli. Kusa da shi ga ƙoƙon da take shan kunun tsamiya, bakinsa ya yi wani kore-kore.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wata saniya ta tsaya tana kallona.

Na dawo gida na manta zannuwan.

Dutsen yanzu ba ya saman kabad. Yana ƙasan kwalla ta uku, cikin tsohon zane. Rabi ne. Ranar kasuwar makon jiya Adda ta dawo mini da shi haka, bayan mako uku a wurinta, ta ce, "Na ɓantari zakka." Na yi dariya na ce ɓarauniya. Na ɗauka gasa shi take yi ta ɗora a gwiwa. Wallahi abin da na ɗauka ke nan. Ban tambaya ba.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Kamalu ya kira ta wayar Hussaina, kamar kowace Juma'a. Murna fal bakinsa. Wai sun gano wani sabon suri da ba a taɓa gani ba, na'urarsu ta kusa ƙone hannunta a bakinsa. Ya ce, "Amarya, yau ba ki zage ni ba, ko kin yi sabon miji ne?" Na ce mura nake yi.

Ya ce, "Ina Adda? Ki ce mata ina bin ta man shanu."

Na ce tana nan.

Asabar, 10 ga Agusta, da hantsi

Fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi, kuma kaɗan.

Lahadi, 11 ga Agusta, da yamma

Kowa da abin da yake faɗa. Matan rugar sun ce iska ce ta buge ta a gindin tsamiyar rafi. Wata ta ce shawara ce kawai, a nemo saiwa. Wani tsoho ya ce maganin feshin gona ne ya shiga rijiyarsu, har an hana yara shan ruwanta, suna zuwa rafi da jarka. Malam ya aiko da rubutu.

Duk wanda ya kawo nasa dalilin sai in ji sanyi a raina, in ce, "Haka ne, zai iya yiwuwa." Na fi kowa gyaɗa kai. Ni Tasalla, da ban taɓa yarda da maganar kowa ba tare da na yi mata kwaskwarima ba.

Wataƙila feshin ne. Ai ana yin feshi.

Hamidu ya miƙo mini ruwa a kofi, ya tsaya a kaina har na shanye. 

Litinin, 12 ga Agusta, da azahar

Abin ya faro ne ranar sunan jikar mai unguwa, mako biyar da suka wuce. Mata cike da tsakar gida, an ci an ƙoshi, aka ce Iya Tasalla a ba mu labari. Ni kuwa na zo da dutsen a ƙullin zane don in yi burga.

Na ba su labarin Kamalu, amma na sa masa gishiri. Na ce a ƙasan teku akwai murhun da tun zamanin Annabi Nuhu bai mutu ba. Na ce kifayen wurin a dafe suke yawo, sai dai ka sa yaji. Aka yi ta dariya, wata har da ƙwarewa. Dutsen yana zagawa hannu zuwa hannu, ana shinshinawa ana cewa lallai farar wuta ce, irin ta maganin ƙaiƙayi.

Adda tana gefe ta miƙe ƙafa tana matsa gwiwarta. Shekara goma tana fama da sanyin ƙashi. Na nuna ta da baki na ce

Hussaina na kira, wai tuwo zai huce.

Litinin, bayan magariba

Na ce, "Wannan dutsen, wutar da ke cikinsa ba ta mutu ba. Ko gurza shi aka yi aka sha a kunu, sanyin shekara arba'in sai ya fita ta kunne. Amma ba a ba Fulani, sai sun biya saniya."

Ga shi na rubuta. Kowa ya yi dariya. Ita ma ta yi. Bayan kwana biyu ta ce in ara mata.

Shekara hamsin ban faɗa mata gaskiya ko sau ɗaya ba, ita ma haka. Me ya sa ranar nan ta yarda?

Talata, 13 ga Agusta, da hantsi

Ba ta gane matar Hamidu ba yau. Ƙafafunta sun kumbura.

Na ce wa Hussaina ta nemo mini Kamalu ko ba Juma'a ba. Sai da ta tura saƙo sau uku kafin ya kira. Na shiga ɗaki na turo ƙofa.

Na ce, "Mai Gida, tambaya ce. Dutsen nan naka, in akuya ta lasa fa?"

Ya yi dariya. "Lasa ɗaya ba komai. Ki dai ɗauke shi daga gabanta."

"In ta ci fa? An gurza mata. A kunun tsamiya. Safe da yamma."

Ina jin ƙugin injin jirginsu.

Ya ce, "Iya." Rabon da ya ce mini Iya tun yana firamare. "Iya, wace akuya ce take shan kunun tsamiya?"

Na faɗa masa. Ban san da wane baki ba.

Ya yi salati ya fi sau biyar. Ya ce dutsen cike yake da jan ƙarfe, da dalma, da wasu abubuwan da ko sunansu babu a Hausa, kuma tsami shi ke narkar da su su shiga jini. Ya ce, "Kwana nawa tana kwance?" Na ce tara. Ya ce, "Likitan ya sani?" Na ce a'a. Ya ce, "Iya, don girman Allah." Yana kuka, ƙato da shi, a gaban Turawa.

Ya ce zai rubuto duk abin da ke cikin dutsen ta wayar Hussaina, da sakamakon awon da suka yi masa. In ɗauki ragowar in tafi yanzu. Yanzu, ba gobe ba.

Talata, da la'asar

Na kai. A gaban Hamidu, da matarsa, da ƙannen Adda biyu, na kwance zanen na ɗora shi a teburin likita. Na ce, "Wannan ta sha. Ni na ba ta. Ni na ce magani ne."

Likitan ya karanta saƙon Kamalu sau biyu. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Iya, ba ke ce kike nan ranar Talatar da ta wuce ba?" Na ce ni ce.  Ya fita da sauri yana kiran waya.

Ɗaya daga cikin ƙannen ta ce wani abu da Fillanci. Ina jin Fillanci sarai. Ba zan rubuta ba.

Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi

An wuce da ita Kano. Za a yi mata wankin ƙoda, kuma akwai wani maganin da ke janyo ƙarfe daga jini. Motar ta cika, ban nemi wuri ba.

Asabar, 17 ga Agusta

Labari ya zaga gari. Matan da suka yi dariya ranar suna yanzu kowace ta ce ita dama tun a lokacin ta ji maganar ba ta yi mata daɗi ba. Maƙwabciyata ta zo ta tambaya ko jikarta da ta taɓa dutsen za ta mutu. Na ce a'a. Ta ce, "Da gaske kike ko wasa?"

Na rasa yadda zan yi ta gane.

An buɗe rijiyar rugar. Kwana shida yara suna jan jarka daga rafi saboda ni.

Litinin, 19 ga Agusta, da azahar

Kamalu yana kira kullum yanzu. Ya ce laifinsa ne, da bai kawo ba. Na ce rufe mini baki, kai dutse ka kawo, ba kai ka ba shi labari ba.

Na tambaye shi abin da nake ta juyawa. Na ce, "Da na faɗa ranar farko, da yaya?" Ya ce shi ba likitan mutane ba ne, na duwatsu ne. Na ce, "Kamalu." Ya ce layin yana yankewa.

Layin lafiya lau yake.

Laraba, 21 ga Agusta, da yamma

Na je Kano. Hussaina ta raka ni, muka hau mota a Bebeji. An jona ta da wata na'ura, jininta yana fita ta roba yana dawowa. Ta farfaɗo, ta gane ni.

Na durƙusa a bakin gadon, gwiwoyina biyu a ƙasa, na ce, "Adda, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Yau dai baiwa ta san wurin zamanta."

Na ce, "Ba wasa nake yi ba."

Ta ce, "Ni ma." Sai ta ɗan motsa hannu, na kama. Ba nauyi ko kaɗan. Ta ce, "Ke, da gaske akwai wuta a ƙarƙashin ruwan?" Na ce akwai, wannan kam na gani a waya. Ta ce, "Ikon Allah. To ba duka ne ƙarya ba."

Nas ta ce lokaci ya yi.

Likitan can ya ce a ci gaba da addu'a. Hussaina ta ce fuskarta ta fi kwanakin baya kyau. Ni ma na ga haka. Na ci abinci yau.

Juma'a, 23 ga Agusta, da hantsi

Babur ɗin Hamidu ya tsaya a ƙofar gida, wannan karon ya kashe shi.

Juma'a, bayan la'asar

An yi ruwa, ƙasar ta yi laushi, ba a sha wahalar haƙa kabarinta ba. Haka maza suka ce da suka dawo.

Lahadi, 25 ga Agusta

Na kai gero kwano huɗu rugar, wurin zaman makoki. An karɓa. An shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai a gefe.

Talata, 27 ga Agusta, da hantsi

Ranar kasuwa. Na share zaure na kawar da buhunan daga inda ake sauke ƙwarya. Sai da na gama na tuna.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan azahar

Hamidu ya zo. Ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakina, ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa har da tambayar ƙafa. Na ce ya shigo, ya ce nan ma ya isa.

Ya ce, "Iya, akwai maganar da nake ɗauke da ita. Yanzu mai ita ba ta nan, ina so in sauke."

Na ce ina ji.

Ya ce, "Ranar da zan kai Inna asibiti, kafin ta hau babur, ta riƙe rigata. Ta ce wani abu ta sha, daga hannunki ya fito, kuma ta mayar miki da ragowar. Ta ce in na ambaci sunanki a gaban likita ko a gaban dangi, ko na je na tambaye ki, ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Ta ce za a ce kin kashe ta, ke kuwa baki ne da ke kawai, ba ki da mugunta."



Ya ce, "Ni ban san mene ne ba. Ke kaɗai kika sani. Shi ya sa na fara biyowa ta nan ranar, tun kafin in sanar da ƙannenta. Na ce in kin ji, za ki faɗa da kanki." Yana magana yana jan zaren bakin tabarma. "Kullum kika shigo ɗakin nan ina kallon bakinki, Iya. Kwana tara. Ke da ba kya iya yin shiru."

Ya ce shi ma yana da nasa da zai amsa a gaban Allah, don ya zaɓi kiyaye rantsuwar uwarsa a kan faɗa wa likita. Ya ce bai zo don ya ɗora mini ba, ya zo ne don ba shi da wanda zai faɗa wa sai ni.

Ya tashi ya sa takalminsa. Na bi shi har zaure, ina so in ce wani abu, ko mene ne. Ya jira. Ya daɗe yana jira, hannunsa a kan babur.

Sannan ya ce, "A huta lafiya, Iya," ya tura shi har bakin hanya kafin ya tayar.